Ofishin da Ya Ba Ni Shawara Kan Bizar Zama a Saudiyya: Abin da Ya Yi Mini da Inda Ya Gaza

Shekara 11 na yi ina aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti a Kano kafin tunanin komawa Saudiyya da zama ya shiga raina sosai, kuma a lokacin abin da na sani game da biza bai wuce abin da kowane mai zuwa Umara ya sani ba, wato a miƙa wa ejan fasfo da kuɗi, a jira kiransa, sannan a tashi. Abin da ya kai ni ofishin da zan yi bayani a kansa shi ne tayi biyu da suka zo mini a cikin wata guda. Na farko daga wani ejan ne da ya ce zai sa ni a jirgi kafin mako shida, na biyu kuma daga wani asibiti mai zaman kansa ne a Saudiyya, wanda ya ce sai na kammala tantance takarduna da jarrabawar lasisi kafin a yi maganar tafiya. Zuciyata ta karkata ga na farkon, domin gajiya da hali ta riga ta kai mini iya wuya, sai wani abokin aikina ya roƙe ni da in je wurin wani dattijo kafin in biya kowa ko sisi.

Ofishin yana saman bene a wani rukunin shaguna a cikin Kano, ɗaki biyu ne da ɗan wurin jira. Ba sa sayar da tikiti, ba sa kuma da'awar cewa suna da biza a hannu. Sana'arsu ita ce su zauna da mutum su duba halin da yake ciki, su faɗa masa irin bizar da ta dace da shi, sannan idan ya so su bi masa takardu. Mai wurin ya shafe fiye da shekara 20 a Jidda yana aikin da Larabawa ke kira mu'aƙƙib, wato mutumin da kamfani ke ɗauka domin zirga-zirga tsakaninsa da ofisoshin gwamnati kan igama, wato takardar izinin zaman baƙo a ƙasar, da lasisin ma'aikata. Wannan gogewa ita ce jarin ofishin gaba ɗaya, kuma kamar yadda zan nuna a gaba, ita ce kuma iyakarsa.

Da na zauna na fara zaro takardun tayin daga jaka, sai ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Ya ce, "Malam, ajiye su tukuna. Mutum nawa ne suke ci daga hannunka?" Na ce, "Alhaji, mai ɗakina da yara huɗu, sai kuma Hajiyarmu da take tare da mu." Ya jawo farar takarda ya rubuta 6 a samanta ya kewaye, sannan ya tambaye ni shekara nawa nake son yi a can, da kuma ko ina nufin iyalin su biyo ni ne ko in riƙa zuwa hutu. Kusan rabin sa'a muka yi a kan waɗannan tambayoyi kafin kalmar biza ta fito daga bakinsa, kuma a ganina wannan shi ne abu mafi daraja da na saya a wurin, domin duk ejan da na taɓa zama da shi daga ranar tafiya yake fara magana.

Bizar Umara da ta ziyara bai ɓata lokaci a kansu ba. Ya ce ta Umara ba ta ba mutum damar zama fiye da kwana 90, ba ta halatta masa aiki, kuma wanda ya shiga da ita ya maƙale ya zaɓi zaman takari ne da hannunsa: ba asusun banki, ba hayar gida da sunansa, ba zuwa asibiti da kwanciyar hankali, sai zullumin ranar da za a kama shi a kai shi tarhil, wato wurin tsare waɗanda za a kora, a dawo da shi gida. Ya tuna mini da abin da ya faru a watan Nuwamba na 2023, lokacin da wani jirgi da ya taso daga Legas ya biyo ta Kano ya sauka a Jidda da fasinja 264, aka soke bizarsu, daga ƙarshe aka dawo da 177 daga cikinsu, kuma bayanin da hukumomin Saudiyya suka bayar shi ne cewa an shigar da bayanan da ba daidai ba domin samun nau'in bizar da ba ta dace da su ba. Ya ce da yawa daga cikin masu faɗawa irin wannan hali ba su ma san abin da aka rubuta a kansu ba, domin ejan ne ya cike musu komai.

Sai ya ɗauki takardar ejan nawa ya karanta ta a hankali, ya sa yatsa a kan layi ɗaya na Larabci ya ce in duba. Sana'ar da aka rubuta a kan bizar ita ce "amil", wato lebura. Ejan ya riga ya gaya mini cewa wannan ba komai ba ne, irin bizar nan ce da ake kira firi-biza, wadda kafili, wato mai ɗaukar nauyin baƙon ma'aikaci a ƙasar, zai shigo da kai ya sake ka ka nemi aikinka, kana ba shi wani abu duk wata, daga baya a canja maka sana'a. Alhaji ya ce a dokar Saudiyya babu wata biza mai wannan suna. Abin da ke akwai shi ne bizar aiki da aka bai wa wani kamfani domin wani aiki, shi kuma ya sayar da ita, kuma yi wa wanda ba kafilinka ba aiki laifi ne da ke jawo tara da kora ga ma'aikacin. Ya bayyana mini cewa ranar da kuka saɓa da irin wannan kafili, ko ranar da ya ga bincike ya matso kusa da shi, yana iya shigar da rahoton cewa ka gudu daga aiki, abin da ake kira hurub, kuma daga wannan lokaci kai da wanda ya shigo ta ɓarauniyar hanya kun kusa zama ɗaya a idon hukuma.

Abin da ya fi girgiza ni shi ne bayaninsa kan yadda kalma ɗaya da ke kan igama take juya rayuwar mutum. Canja sana'a a hannun mai kamfani yake, ba a hannun ma'aikaci ba. Aikin lafiya kuma ba ya halatta ga kowa sai ya yi rajista da hukumar da ke kula da ƙwararrun ma'aikatan lafiya ta ƙasar, don haka ko da na isa can, babu asibitin kirki da zai bar lebura ya taɓa samfurin jinin majiyyaci. Sannan izinin kawo iyali su zauna, wanda suke kira istiƙdam, ana duba sana'ar da ke kan igama kafin a bayar da shi, kuma lebura da direban gida ba sa cikin waɗanda ake ba wa. Da na bi ejan nan, da na sayar da fili na sayi bizar da za ta raba ni da sana'ata da iyalina a lokaci guda, alhali su ne dalilin tafiyar.

Tayin asibitin ma bai tsira daga alƙalaminsa ba. Ya yaba da shi a matsayin bizar aiki ta halak, ya kuma yi mini bayanin gyaran da aka yi wa dokar ƙwadago wanda ya fara aiki ranar 14 ga Maris 2021, wanda ya bai wa ma'aikacin kamfani damar komawa wani wurin aiki bayan ya cika shekara ɗaya ba tare da amincewar kafili ba, da damar neman bizar fita da dawowa da kansa ta manhajar gwamnati mai suna Absher, yayin da kwantiragi ke rajista a Qiwa, dandalin ma'aikatar ƙwadago. Ya ja hankalina cewa wannan sassauci bai haɗa da masu aikin gida da direbobin gida da makiyaya ba, kuma ya ce in isar da wannan ga duk 'yar uwar da aka yi wa tayin aikatau. Ya nuna mini cewa a dokar ƙasar mai ɗaukar aiki ne yake biyan kuɗin ɗauko ma'aikaci da na igama da na lasisin aiki da tikitin komawa gida bayan ƙarewar kwantiragi, cewa ba shi da ikon riƙe fasfon ma'aikaci, kuma idan aka samu saɓani tsakanin rubutun Larabci da na wani harshe a kwantiragi, na Larabcin kotu take bi. Saboda haka sai da muka bi ɓangaren Larabcin layi bayan layi, yana karantawa yana fassara mini da Hausa.

A nan ne ya komo kan lambar da ya kewaye tun farko. Kwantiragin da aka aiko mini na mutum ɗaya ne, ba na mai iyali ba, ma'ana gida da tikiti da aka yi alkawari nawa ne ni kaɗai. Ya ce tun watan Yuli na 2017 Saudiyya take karɓar haraji a kan kowane mutum da ke ƙarƙashin igamar baƙon ma'aikaci a kamfanoni masu zaman kansu, an fara da riyal 100 a wata, ana ƙara 100 duk shekara har ya tsaya a riyal 400 a 2020. Ya rubuta 400 sau 5, wato mai ɗakina da yara huɗu ban da Hajiyarmu, ya fitar da riyal 2,000 a wata, wato 24,000 a shekara, sannan ya ajiye wannan adadi kusa da albashin da aka yi mini tayi, sai ga shi ya cinye kusan kashi ɗaya cikin huɗu tun ba a yi maganar haya da makarantar yara da cefane ba. Na daɗe ina kallon takardar ban ce komai ba, domin a duk daren da na kwana ina lissafin riyal zuwa naira, ban taɓa cire wannan kuɗi ba saboda ban san da shi ba. Shawararsa ita ce in koma wa asibitin in nemi a mayar da kwantiragin na mai iyali, ko a ƙara kuɗin gida, kuma in yi wannan magana kafin in sa hannu, domin bayan an buga biza bakin ma'aikaci ya riga ya mutu. Na bi shawarar, ban samu duk abin da na nema ba, amma an ƙara kuɗin gida kuma an rubuta tikitin mai ɗakina da yara biyu a cikin kwantiragin.

Maganar Hajiyarmu ce ta fi yi mini nauyi, kuma ina girmama shi saboda bai rufe ni a kanta ba. Burinta tun rasuwar mahaifinmu shi ne ta ƙarasa rayuwarta kusa da Madina, ni kuma na riga na yi mata alkawari a raina. Ya ce, "Malam, ba zan ɗora ka a kan abin da babu ba. Igamar ma'aikaci irin taka ta mata da 'ya'ya ce. Tsohuwa sai dai bizar ziyarar iyali, ta zo ta yi watanninta ta koma, kuma idan Hajji ya matso a kan tsaurara har wannan ɗin." Ya ƙara da wani abu da ban taɓa tsayawa na yi tunani a kansa ba, cewa igama ba ta taruwa ta zama zaman dindindin komai yawan shekarun da mutum ya yi, domin ranar da aiki ya ƙare ita ma ta ƙare. Ya ce iyalan da ake kira Hausawi a Makka da Madina da Jidda, waɗanda kakanninsu suka tafi Hajji tun zamanin tafiyar ƙasa ta Sudan suka zama 'yan ƙasa, tarihinsu dabam ne, kuma kada in auna kaina da su. Abin da ma'aikaci yake tafiya da shi a ƙarshe shi ne ladan kammala aiki, rabin albashin wata a kan kowace shekara ta biyar ɗin farko, da cikakken albashin wata a kan kowace shekara bayan haka.

Zuwa nan ban ga abin kushewa ba, amma da muka zo kan igama ta musamman, wadda ba ta buƙatar kafili, sai raunin ofishin ya bayyana. Ya zaro wata tsohuwar takarda daga cikin fayil ya karanta mini nau'i biyu da aka fara da su a 2019: ta dindindin a kan riyal 800,000 biya ɗaya, da ta shekara-shekara a kan riyal 100,000. Da yake an ɗaure riyal da dala a kan 3.75, ta farkon ta haura dala 213,000, don haka ya rufe fayil ɗin ya ce wannan ta manyan 'yan kasuwa ce. Sai da na koma gida na shiga shafin hukumar da kaina na tarar cewa tun watan Janairu na 2024 an ƙara nau'i biyar, kowanne kuɗinsa riyal 4,000, daga ciki akwai ta mai gidan da darajarsa ta kai riyal miliyan 4, da ta mai zuba jarin riyal miliyan 7, da kuma ta ƙwararru a fannin lafiya da kimiyya waɗanda albashinsu ya kai riyal 35,000 a wata. Ni ban kai wannan matsayi ba, amma babban likitan da zai hau benen nan yana iya kaiwa, kuma bambancin ba ƙarami ba ne, domin mai irin wannan igama ba ya biyan harajin iyali, yana fita ya dawo ba tare da neman biza ba, kuma iyayensa suna shiga cikin waɗanda zai iya zaunar da su. Wurin da yake karɓar kuɗi domin ya taimaki mutum zaɓen biza bai kamata a ce abokin hulɗa ne yake kawo masa labarin sabon nau'i ba. Da na koma na nuna masa, bai yi musu ba, ya sa yaronsa ya buga shafin ya sa a fayil, amma wannan ya nuna mini cewa iliminsa ya fi ƙarfi a kan Saudiyyar da ya baro.

Matsala ta biyu ta fi ci mini rai, domin ta ci mini lokaci. Bayan zaman shawara na ba su aikin bin takarduna, wanda ya haɗa da tantance shaidar karatu da ta aiki ta hanyar kamfanin DataFlow, da buɗe rajista a Mumaris Plus, dandalin hukumar da ke kula da ma'aikatan lafiya, da yin rajistar jarrabawar lasisi ta Prometric. Wannan ɓangare ba Alhaji ne yake yi ba, wasu samari biyu ne a ɗakin waje. A fasfona an rubuta sunana na farko da wani salo na haruffan boko, a shaidar digirina kuma da wani salon, abin da ya zama ruwan dare ga duk mai suna irin namu. Aikin farko na mai bin takardu shi ne ya jera su a kan tebur ya gwama suna da ranar haihuwa, amma yaron ya tura su yadda suke, sai da aka nemi ƙarin bayani sannan aka aike ni neman takardar rantsuwa daga kotu da wasiƙa daga makarantar da na gama. Kusan mako bakwai na rasa a kan abin da za a iya ganowa cikin minti biyar, kuma a tsawon wannan lokaci ni ne nake kiran waya, sau da yawa ba a ɗauka, har na fara tsoron asibitin zai ba wani gurbina.

Batun kuɗi ma yana buƙatar gyara. Kuɗin zaman shawara an faɗa mini shi tun a bakin ƙofa, an ba ni rasit, kuma duk da cewa ya kusa kai rabin albashina na wata a lokacin, ban yi nadamar biyansa ba. Kuɗin bin takardu kuwa da baki aka yanke shi, daga baya sai ƙananan caji suka riƙa ɓullowa ɗaya bayan ɗaya, na fassara zuwa Larabci, na buga hatimi, na aiken takarda zuwa Abuja. Ban ga alamar an cuce ni a cikinsu ba, domin duk wanda na bincika na tarar aikin gaske ne, amma mai iyali yana bukatar ya san jimillar abin da zai kashe tun farko domin ya san abin da zai sayar da abin da zai ranta. Haka kuma wurin jiran ya yi kusa da teburin samarin ƙwarai, har wata rana ina zaune na ji ana tambayar wata baiwar Allah abin da ke cikin asusunta da matsayin aurenta a gaban maza huɗu, na ga yadda ta sunkuyar da kai tana amsawa da ƙyar. Labule ɗaya da ɗan matsar da kujeru sun isa su magance wannan.

Wanda yake da tayi a hannu, musamman ma'aikacin lafiya ko injiniya ko malami da ke shirin zama shekaru da iyalinsa, zaman sa'a biyu da wannan dattijo ya cancanci kuɗinsa, da sharaɗin ya tafi da kwantiragin gaba ɗaya har da ɓangaren Larabci, ya kuma duba shafukan hukumomin Saudiyya da kansa kan duk wani adadi da aka faɗa masa. Wanda yake neman wata ƙasa ba Saudiyya ba, Alhaji da kansa yakan ce ba fanninsa ba ne, na kuma ji ya faɗa wa wani saurayi mai son Turkiyya haka ya mayar masa da kuɗinsa. Aikin bin takardu kuwa, da zan sake, da kaina zan yi shi, domin dandalin duk a intanet suke kuma mai haƙurin karatu zai iya. Ƙanin mai ɗakina da ya je wurin bayan tafiyata na ce masa ya nemi a rubuta masa kowane caji kafin ya ajiye fasfo, ya kuma gwama sunansa a kan kowace takarda a gabansu, kuma sun yi masa hakan ba tare da gardama ba.

Yanzu igamata tana ɗauke da sana'ata ta gaskiya, mai ɗakina da ƙananan yara biyu sun iso, manyan biyun kuma mun bar su a Kano su ƙarasa makaranta, wanda ya sauko da harajin wata zuwa riyal 1,200. Hajiyarmu tana tare da su a gida. Na shigar mata da takardar neman bizar ziyara a makon da ya wuce, na kuma tsara hutuna ya faɗo a lokacin zuwanta domin in kai ta Madina da kaina.